Ranar da Surukina Ya Zo Dubiya

Ni mutum ne mai zuciya, kuma na daɗe ina ɗaukar abin kamar wani ado. In na ji ana cewa, "Ku bar Malam, ba ya ɗaukar raini," har wani daɗi nake ji. Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Bagudo, ina haya a wani ɗan gida da matata da ɗiyarmu 'yar wata takwas. Abin da zan faɗa ya faru ne a damina, shekara ta biyu da aurenmu, kuma har yau in na tuna sai in ji kamar in ja wuyan riga in rufe fuska.

Akuya ce ta fara jawo abin. Na baza takardun jarrabawar 'yan aji biyar a kan tabarma, na fita alwala, matata ta bar ƙofar ɗaki a buɗe. Kafin in dawo akuyar maƙwabta ta yi kalaci da rabin aji. Na tarar da ita tsaye a tsakiyar ɗaki tana tauna lissafin yaran mutane, ko kallona ba ta yi ba. Na yi ta zazzaga faɗa. Matata na tsakar gida tana miya, sai dariya ta kufce mata, don tsakani da Allah abin dariya ne. Ni kuwa na fito na sa ƙafa na shuri tukunyar. Miya mai tafasa ta watsu har gefen zanen da yarinyar ke kwance a kai. Ba ta taɓa ta ba, amma saura ƙiris. Matata ta zabura. Ta ɗauki ɗiyarta ta duba ta tun daga kai har ƙafa, washegari da sassafe ta goya ta ta tafi gidansu a Geza.

Kowa ya san abin da ke biyo bayan yaji. Miji ne zai bi sawu, ya samu wani babba ya raka shi, a zauna a zauren uban mata a karanta masa laifinsa yana sunkuye. Wannan zaman ne ba na so. Ina son matata ta dawo, wallahi ina so, gidan ya yi mini faɗi, tuwon saye ya ishe ni. Amma duk wanda ya yi mini maganar biko sai in ce, "To dukanta na yi? Ku tambaye ta in na taɓa ɗaga mata hannu." Haka muka kwana goma sha biyu.

Surukina manomin shinkafa ne, ɗan gajere, ba shi da yawan magana. Tun ranar da na fara zuwa neman aure yake kirana Malam, bai taɓa canzawa ba. Ni kuma ina yi masa irin kunyar da ake yi wa suruki. Tun daga nesa nake cire takalmi, in durƙusa, in gaida shi ina kallon ƙasa. Ban taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba. Sunansa bai taɓa fita daga bakina ba, har wani yaro a ajina mai suna irin nasa, mai sunan Baba nake ce masa. A kan wannan ba mai kushe ni, kuma ina ji da kaina a kai.

Surukin nawa ne ya gaji da jira ya aiko a ce in zo ranar Alhamis bayan la'asar. Da ranar ta zo, na sa riga, na tsaya a bakin ƙofa, sai zuciyar nan tawa ta ce mini, haka kawai za ka je a tsare ka kamar ɓarawon kaza? Bari su ƙara kwana biyu su ma su ji. Na ɗauki waya na kira shi, na kwantar da murya kamar mai shirin barin duniya.

"Baba, a yi mini aikin gafara, masassara ta kada ni tun jiya. Ko tashi ban iyawa."

"Subhanallahi. Ka sha magani?"

"Na sha, Baba."

"To kwanta abinka, Malam. Lahiya ta hi komi. Allah shi sawwaƙe."

Na ajiye waya ina jin na yi dabara.

Ina da wani aboki mai kemis a bakin kasuwa, shi ya yi mini babban aboki ranar aurena. Bayan magariba ya kira ni ya ce in zo maza, akwai wani ɗan dabo da ya ƙetaro daga Benin ta Tsamiya, zai yi wasa a ɗakin ajiyarsa na bayan shago. Ya ce ba irin na kasuwa ba ne da ake taruwa ana hange daga nesa. Wannan a gabanka zai yi, hancinka na kusa da hannunsa, kuma mutum goma sha biyu kawai ɗakin ke ɗauka. Na ce masa ni mara lafiya ne yau, muka yi dariya. Na kulle gida. Maƙwabcina na zaune a ƙofarsa ya ce ina zuwa, na ce wurin mai kemis.

Ɗakin cike yake da kwalayen magani har rufi. An sa ɗan tebur a tsakiya, ƙwan sola ɗaya na lilo a kansa, bayan nan kuwa duhu ne. Muka zauna a kan benci biyu, gwiwa na gugar gwiwa. Akwai mahauci, akwai tela, da wasu 'yan kabu-kabu, da wani mai sayen shinkafa daga Sharabi. Ɗan dabon siriri ne, ya kusa shekara hamsin, haƙorinsa ɗaya na gaba ya fita. Hausarsa a cakuɗe take da Dendi da Faransanci, wannan kaɗai ya isa ya ba mutum dariya. Ya naɗe hannun riga har gwiwar hannu, ya ce, "Jama'a, ba aljani, ba tsafi. Hannu ne da baki. Wanda ya kama ni, na ba shi akwatin nan duka, har da matata in yana so."

Ya fara da gwangwanin tumatir uku da goro ɗaya. Ka rantse da Allah goron na ƙarƙashin na tsakiya, ya ɗaga, wayam. Ya ɗaga na gefe, sai ga goro biyu. Ya nuna mana ƙwai, ya rufe shi da hankici, ya yaye, babu ƙwai. Ya ce, "Ya hango shingen kwastan, ya bi ta daji." 'Yan kabu-kabun nan har suna dukan benci. Ya miƙa hannu bayan kunnen mahauci ya zaro wani ƙaton ƙashi, ya ce, "Ga ragowar naman da ka sayar mini jiya." Ni kuwa na saki jiki. Kwana goma sha biyu ban yi dariya ba, sai ta zo mini gaba ɗaya. Na fi kowa ƙara. Ina buga cinya, ina hawaye, ina tsoma baki a kowane wasa, ina cewa na gano, na gano, alhali ban gano komai ba. Mun fi rabin awa a haka.

Can ya nuna ni ya ce, "Kai mai babbar dariya, taho nan." Na tashi ina washe baki, na zauna a kujerar da ke gefen tebur. Ya ce yana son mutum na biyu, dattijo, wanda ba ya ƙarya, don ya zama shaida. Ya sa hannu a goshi ya leƙa cikin duhun, ya ce, "Baba, kai da ke zaune kan kwali can baya, bismilla."

Wani ya taso a hankali, mutane suna janye ƙafa suna ba shi hanya. Na fara ganin ƙafar wando da laka a jiki, sannan riga, sannan fuska. Surukina ne.

Daga baya na san yadda aka yi. Ya hau tsohon babur ɗinsa daga Geza ya zo duba ni, ya tarar da gida a kulle. Maƙwabcina ya ce masa na tafi wurin mai kemis, sai ya ɗauka jikin ne ya tsananta. Ya zo shago bai ga kowa a kanta ba, ya ji muryoyi a bayan labule, ya shiga ya samu kwali ya zauna, yana zaton layin allura ne. Duk dariyar nan da na yi, yana zaune a bayana.

Na zame daga kujera zan durƙusa, ɗan dabon ya kama kafaɗata ya mayar da ni, ya ce, "A'a, ba a durƙusa mini, ni ba hakimi ba ne." Aka fashe da dariya. Abokina mai kemis kaɗai ya gane fuskar, na ga ya buɗe baki ya kasa rufewa. Baba kuwa ya zauna a kujerar da aka nuna masa, don shi ba mutumin da zai gwale baƙo a gaban jama'a ba ne.

Ɗan dabon nan bai san komai ba, Allah ya gani. Ya juya mu muna fuskantar juna, gwiwata na taɓa ta Baba. Ya ɗora hannuna na dama a cikin na Baba, ya ɗaure mana wuyan hannu da igiya. Tun da nake ban taɓa riƙe hannun surukina ba. Tafinsa kaushi gare shi, kuma da ɗumi. Ɗan dabon ya ce, "Ku dubi juna cikin ido." Na dubi ƙasa. Ya sa yatsa ya ɗaga haɓata, ya ce, "Kai, amarya ce kai? Ka san Baban nan? Mi sunanshi?" Na sake sadda kai ƙasa, don sunan nan ba ya fita daga bakina. Ya juya ga jama'a ya ce, "An ce mini malamin makaranta ne, ga shi tambaya ɗaya ta kada shi." Tela ya matsa kusa da mai kemis, na ga an raɗa masa wani abu, shi ma ya raɗa wa na gefensa. Dariyar ta fara raguwa daga wannan benci zuwa wancan. Shi kuwa ɗan dabon ya zaci wasansa ne ya kama mutane.

Ya sa goro a hannuna na hagu ya ce in dunƙule. Ya hura, ya ce in buɗe, babu goro. Ya ce, "To, dattijon nan ya sace. Bari mu caje shi." Ya zura hannu a aljihun rigar Baba ya fito da tasbaha, ya ajiye a tebur. Ya fito da makullin babur. Sannan ya jawo wata gorar roba cike da baƙin ruwa, an ɗaure bakinta da leda.

"Baba, fetur ne za ka ƙetare da shi?"

"Magani na," in ji Baba.

"Na mi?"

"Jiƙon masassara."

"Kai ke ciwo?"

"Ɗana."

"Allah sarki. Yana ina?"

Baba ya dubi gorar. Ina jin hannunsa a cikin nawa, ko motsi bai yi ba. Ya ce, "Ya samu sauƙi."

Ban san irin kunyar da ta wuce wannan ba. Da ƙasa ta tsage a lokacin, da gudu zan shige. Kuma da na yi haƙuri na haɗiye ta, na zauna aka gama wasan, na bi shi waje na faɗi a gabansa, da abin ya tsaya a nan. Amma ni ban iya riƙe kunya ba, da ta zo mini sai ta koma fushi, sai in nemi wanda zan juye wa.

Ɗan dabon ya ce, "Aljihu babu, to sai sama." Ya miƙa hannu ya cire hular Baba, ya girgiza ta, goro ya faɗo a tebur. Na ga kan surukina a buɗe, sanƙo da furfura, yana sheƙi a ƙarƙashin ƙwan sola. Na fizge hannuna daga igiyar, na miƙe, na sa ƙafa na shuri teburin.

Komai ya watse. Gwangwanaye suka gangara ƙarƙashin benci, akwatinsa ya kife, kayan cikinsa suka zube a gaban kowa. Ga ƙwan nan ashe fanko ne, ga goro kusan goma, ga wani gwangwani mai gindi biyu. Duk abin da mutumin nan ke ci da shi, na baje shi a ƙasa. Na shaƙi wuyan rigarsa, na ce masa ɓarawo, na ce masa baƙon banza, na ce ya ƙetaro iyaka ya zo yana cin mutuncin manya a garinmu. Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba. Bai ɗaga hannu ba. Idonsa ya firfito, yana ta cewa, "Fardon, Malam, wasa ne, wasa ne." Sai da mahauci da mai kemis suka ɓamɓare ni daga jikinsa.

Na gaya wa kaina don mutuncin Baba na yi. Ƙarya ne, kuma ko a lokacin na san ƙarya ne.

Da na juya, sai na ga surukina a tsugune, kansa ba hula, yana tsince goro ɗaya bayan ɗaya. Ya tara su a tafin hannu, ya ɗauko gwangwanayen, ya miƙa wa mutumin. Ya ce, "Yi haƙuri, baƙo. Wasanka ya yi kyau, na yi dariya." Sannan ya ɗauki hularsa ya kaɗe, ya sa, ya kwashi tasbaharsa da makullinsa, ya yi wa jama'a sallama ya fita. Ba wanda ya dube ni.

Na bi shi da takalmina a hannu. Ana ta kiran isha'i, mutane na wucewa masallaci, mu kuma muka nufi unguwarmu, shi a gaba ni a baya, ina taka laka da ƙafa. Sai da muka wuce rumfunan masu kifi sannan ya yi magana, bai ko waiwayo ba.

"Malam, ƙaryar ciwo ba wani abu ba ta. Kowa na jin nauyin zaure, ni ma na yi ƙuruciya. Sa'ad da nike zaune can baya ina jin dariyarka, hamdala na yi ta yi, na ce ashe da sauƙi."

"Baba, na tuba."

"Ranar da yarinyar ga ta taho, ta ce muna ka shuri tukunya, jinjira na kwance kusa. Na ce mata ƙarya ta kai, malami bai yin haka. Gaban uwarta na ƙaryata ta. Kwana goma sha biyu ina ƙaryata ɗiyata." Ya yi 'yan taku, ya ce, "Yau na gani."

Muna shiga lungunmu na hango babur ɗinsa a jingine a ƙofar maƙwabcina. Ya tsaya ya ce, "Da ita na taho. Na ce mara lahiya bai kwana shi ɗai, biko ya jira. Tana ciki wurin matar maƙwabcinka."

Ashe ya kawo mini matata har gida, ba zaure, ba tuhuma, ba kowa. Da na zauna a ɗakina da ƙaryata, da yanzu tana dama mini kunu. Na durƙusa a cikin lakar nan na ce, "Baba, don Allah." Ya ce, "Tashi, Malam, mutane na kallo." Ya yi sallama a ƙofar, aka amsa, ya ce a turo ta.

Ta fito da goyo, da ƙullin kayanta a ka. Ta rame. Tana ganina ta sauke kayan, ta matso da sauri, ta manta ma da ubanta na tsaye. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ga laka a gwiwata, ta ga zufa.

"Sannu. Yaya jikin? Sun yi maka allura?"

Na dubi Baba. Yana ɗaure ƙullin kayan a bayan babur, bai ɗago ba. Na ce, "Da sauƙi."

"Hau mu tahi," in ji shi. "Mu kwana wurin gwaggonki, da sahe mu wuce gida."

Ta tsaya tana kallonsa. Ta ce, "Baba, ka gan shi fa. Wa zai kula da shi?"

"Hau."

Ta hau tana kuka. Har suka kai bakin lungu tana waiwayena, ta ɗaga murya ta ce wa matar maƙwabcina don Allah ta riƙa leƙa ni.

Ɗan dabon ya bar gari da asuba, ban sake ganinsa ba balle in ba shi haƙuri. Matata kuwa sai da aka yanke shinkafa ta dawo, bayan na je zauren nan sau uku na zauna na sunkuyar da kai. A duk zaman ukun, surukina bai ambaci bayan kemis ba. Bai gaya wa matarsa ba, bai gaya wa ɗiyarsa ba. Ita ce da bakinta ta ba ni labari, tana ganin daɗi zan ji, cewa wata biyu ta yi ba ta gaida ubanta da sakin fuska ba, ko fura ba ta dama masa ba, saboda rashin imanin da ya yi na raba ta da mijinta yana kwance ba lafiya. Ta ce ko sau ɗaya bai kare kansa ba.

Ina zaune ina jin ta, ga gaskiya a bakina. Na ce mata, "Ai ya wuce, ki yafe masa."